Ɓarawo Ba Ya Tattalin Mai

Ƙarfe bakwai da 'yan mintoci aka bugo waya caji ofis, aka ce mota ta kashe mutum a ƙarshen gangaren da ke bayan tankin ruwa. Sufeto bai ko zauna ba tukuna. Ya mayar da hular da ya cire, ya ce da Saje, "Tashi mu je."

Saje ya dubi kofin shayinsa kamar mai bankwana da ɗan'uwa. "Yallaɓai, wanda ya mutu ai ba ya sauri."

"Shaidu suna yi."

Shekara ashirin da uku Sufeto ya yi a wannan aiki. Gwiwarsa ta dama ta daina son matakala, idonsa ya daina son ƙananan rubutu, shi kuma ya daɗe da daina mamaki.

Gangaren dogo ne. Ya miƙe ɗoɗar daga sama, sai a ƙarshe ya karya kwana zuwa hagu. Motar ba ta karya ba. Wata 'yar ƙaramar tsohuwar mota ce mai ruwan toka, ƙofarta ɗaya launinta daban. Ta haye gefen titi ta kafa hanci a katanga. A tsakaninta da katangar aka ciro tsoho mai sharar titi. An lulluɓe shi da mayafi. Baronsa na kife, tsintsiyarsa na cikin kwata.

Akwai rumfar mai faci taku ashirin daga wurin. Mai facin na zaune a kan tsohuwar taya, hannuwansa a tsakanin cinyoyi.

"Kai ka fara zuwa?" in ji Sufeto.

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Me ka gani?"

"Ban ga komai ba. Na ba titi baya, ina tsoma tiyub a ruwa ina neman huji. Sai na ji dum!"

"Kafin dum ɗin fa?"

"Babu."

"Mota ta sauko wannan gangare da gudu, ka ce babu?"

"Ranka ya daɗe, shekarata goma sha ɗaya a bakin titin nan. Ko ido rufe ina gane mota da kukanta. Wannan ba ta yi kuka ba. Ba ƙarar inji, ba hon, ba birki. Kamar jefo ta aka yi. Da ta yi ƙara da Baba ya kauce, don kunnensa garau yake."

"Direban fa?"

"Ni ta Baba nake yi. Kafin in ɗago mutane sun taru, mata da masu tafiya aiki. Muka yi ta neman ƙaton da ya tuƙo, ko ƙeyarsa ba mu gani ba."

Sufeto ya rubuta kalma ɗaya a littafinsa: shiru. Ya sa a kai gawa asibiti, a jawo motar zuwa ofis.

Da suka koma, suka tarar da mai motar a gaban kantar ofis. Siririn mutum ne, tsaf-tsaf, mai kantin tabarau a bakin kasuwa. Ya zo kawo rahoton sata. Da aka gaya masa abin da motarsa ta yi, sai ya nemi kujera ya zauna.

"Yaushe ka saye ta?" in ji Sufeto.

"Wata huɗu ke nan. Ina da babba, gadon mahaifina ce, amma tana shan mai kamar an zuba a rariya. Sai na ce bari in nemi 'yar ƙarama ta hannu mai araha, in riƙa zirga-zirga da ita."

"Ka samu sauƙin?"

Mai tabarau ya yi murmushin da ba na daɗi ba. "Araha ba ta ado, yallaɓai. Rabin kwanakinta a gareji take."

"Ina ka ajiye ta?"

"A ƙofar gida, jiya da yamma. Yau na fito wajen bakwai da rabi, babu ita."

"Kafin nan kana ina?"

"Ina gida. Barci na makara."

"Makullinta nawa?"

"Ɗaya tak." Ya zaro shi daga aljihu ya ajiye a kan tebur.

"Akwai wanda kake zargi?"

"Ba na son ɗaukar alhaki. Amma bakaniken da ke gyara ta, kwana uku ta yi a hannunsa makon jiya."

Kafin sha ɗaya an kawo bakanike. Shugaban ofis, wanda kowa ke kira Babba, shi da kansa ya tura a ɗauko shi. Bakaniken ya rantse ba shi da makullin motar. Aka zazzage akwatin sifanoninsa, sai ga makulli ya faɗo, sabon yanka, yana ƙyalli.

Babba ya kira Sufeto ofishinsa, bai ce masa zauna ba. "Magana ta ƙare. Sata da kisa. Gobe ƙarfe tara ina son fayil a kotu."

"Yallaɓai, ban ko yi magana da shi ba."

"Yi. Kana da daga yanzu zuwa tashi. Shugabannin masu shara sun bugo mini sau biyu, kuma ba na son ta uku."

Sufeto ya san abin da gobe ke nufi. Mutum irin bakanike, ba lauya ba kowa a sama, in ya shiga gidan yari jiran shari'a, 'ya'yansa za su manta kamanninsa kafin alƙali ya buɗe fayil ɗinsa.

Ya same shi a bayan kanta, zaune a ƙasa, an karɓe masa bel da takalmi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, baƙin mai ya zauna a farcensa ba ranar fita.

"Me ya sa ka yi ƙarya?"

"Tsoro, yallaɓai."

"Yanzu tsoron ya ƙaru ko ya ragu?"

Bakanike ya sunkuyar da kai. "Ni na yanka makullin. Ba don sata ba. Motar nan sau huɗu tana mutuwa a hanya. Sai ya kulle ta, ya tafi kanti da makulli, ya bugo mini in je in gani. In bi shi kasuwa in karɓa, in dawo. Na gaji, na yanka nawa. Ban gaya masa ba."

"Ƙarfe bakwai saura na safiyar yau kana ina?"

"Ina hanya, a ƙafa. Ni kaɗai."

"Ba shaida ke nan."

"Yallaɓai, in zan yi sata, wannan akwalar zan sata? Wadda na san cikinta fiye da na gidana? Ko kyauta aka ba ni sai na yi shawara."

Saje ya yi dariya, ya mayar da ita tari.

"Me zai sa mota ta sauko gangare ba ƙarar inji, ta kuma ƙi karya kwana?" in ji Sufeto.

Bakanike ya ɗago. A karon farko ya yi kama da mutumin da ke cikin garejinsa. "An kashe ta ne. Masu tattalin mai suna yi: a sa giya a firi, a kashe inji, gangare ya kai ka kyauta. Shi mai motar kullum haka yake yi. Amma gidan makullinta ya cinye. In ka murza sau ɗaya, inji ya mutu, sitiyari na hannunka. In ka murza har ƙarshe, makulli ya zare da kansa, sitiyari ya kulle ƙam. Birki kuma in ba inji, ka taka ɗaya, biyu, ya zama dutse."

"Ya san da haka?"

"Na faɗa masa ya fi sau biyar. Na ce a sauya gidan makulli. Ya ce shi ya iya hannunsa, sau ɗaya yake murzawa. Na ce to, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa."

Sufeto ya fita farfajiya inda aka ajiye motar. Ya shiga da ƙyar, gwiwarsa na ƙorafi. Giya na firi. Ya kama sitiyari da hannu biyu, ko motsi. Ba a fasa gidan makulli ba, ba a tsinke waya ba. Ya daɗe a zaune yana kallon fasasshen gilashi.

"Saje, ka taɓa kama ɓarawon mota?"

"Sun fi talatin, yallaɓai."

"Akwai wanda ya kashe inji a gangare don ya rage wa mai motar asara?"

Saje ya sosa ƙeya. "Ɓarawo ba ya tattalin mai."

"Bakanike kuma ya san abin da makullin ke yi. Ba zai murza har ƙarshe ba."

"To mai motar ne."

"Shi ma ya sani."

Mai tabarau na ciki har yanzu, ana rubuta bayaninsa. Babbar motarsa na bakin ƙofa, doguwa, baƙa, irin ta da. Sufeto ya zo wucewa sai ya tsaya. A kusurwar gilashin gaba an rubuta 17 da farin alli, allin bai ko goge ba.

A 'yan watannin nan duk mai mota ya san wannan rubutu. Gidajen mai ke yi da sassafe, su bi layi suna sa wa kowace mota lamba, don kada wani ya yi tsallake.

Gidan mai na biyu da suka je aka dace. Layi ya miƙe har ya sha kwana, direbobi na kwance a kan motocinsu. Matar da ke riƙe da famfo ta saurari kwatancen motar ba tare da ta daina zuba mai ba.

"Baƙa, doguwa, mai ita siriri da tabarau? Ai Lita Biyar ne."

"Sunansa ke nan?"

"Mu muka raɗa masa. Ko zai kwana a layi, biyar zai sha. Kuma ya fito ya tsaya a kaina yana kallon mita, wai kada in ci masa ɗigo."

"Ya zo yau?"

"Tun biyar da rabi. Ni na sa masa lamba, sha bakwai. Amma yau ya ba ni mamaki. Saura mota biyu a zo kansa, aka bugo masa waya. Sai ya fice daga layi kamar an kore shi. Na ce yau ko dai gobara ko mutuwa. Lita Biyar ya bar layi!"

"Ƙarfe nawa?"

"Bakwai saura kaɗan. Mun buɗe famfo shida da rabi."

Suna fita Saje ya ce, "Mai barci ya yi layin mai. Amma yallaɓai, wannan ai wanke shi ta yi. Lokacin da aka buge tsoho yana nan."

"Ta wanke shi daga tuƙi. Wa ya bugo masa?"

Da la'asar suka isa gidan. Hawa na biyu ne a wani dogon bene, Sufeto ya hau yana dafa bango. Mai tabarau ya buɗe ƙofa, ya ga su ne, fuskarsa ta sauka. Falon ƙarami ne, komai a mazauninsa. An kashe fanka duk da zafi. A kan tebur akwai tarin takardun jarrabawa a ɗaure da roba, ba a kwance su ba.

"Wa ke koyarwa a gidan nan?" in ji Sufeto.

"Matata. Ba ta da lafiya, tana kwance."

"Ta je makaranta yau?"

"Na ce ba ta da lafiya."

Sufeto ya zauna ba tare da an ba shi wuri ba, ya miƙe ƙafarsa mai ciwo. "Malam, na gaji, kai ma ka gaji. Ka ce barci ka yi har bakwai da rabi. Gilashin motarka ya ce sha bakwai. Matar gidan mai ta ce saura mota biyu ka bar layi. Akwai mutum a bayan kanta da za a kai kotu gobe da safe saboda maganarka. Yana da 'ya'ya uku. Na tambaya."

Mai tabarau ya cire tabaransa, ya goge, ya mayar.

"Ni ne," in ji shi. "Ni na tuƙa. Na kashe ta a gangare, ta ƙwace mini. Ku tafi da ni."

"Ka ajiye babba a layi, ka dawo ka ɗauki ƙarama, ka buge mutum, ka koma layi ka amsa waya?"

"Na ce ni ne! Me kuma kake so?"

"Wanda ya murza makullin nan har ƙarshe bai san halinsa ba. Kai ka sani. An faɗa maka sau biyar."

Labulen ɗaki ya motsa. Matar ta fito tana ɗingishi. Ba ta kai arba'in ba. Tana sanye da kayan zuwa aiki tun na safe, leɓenta na ƙasa a kumbure.

"Koma ciki," in ji mijin.

"Bari, Malam. Tun safe nake jin ka kana ƙarya, kuma ba ka iya ba." Ta zauna a hannun kujera, ta dubi Sufeto. "Tsohon ya mutu?"

"Ya mutu, Malama."

Ta gyaɗa kai a hankali. "Malam ya ce mini yana asibiti."

Saje ya buɗe littafi.

"Yau ake fara jarrabawa, dole in isa kafin bakwai. Kullum shi ke kai ni. Jiya aka ce za a ba da mai da safe, sai ya ce zai kai babbar motar layi, ni in ɗauki ƙarama. Ina da lasisi, amma rabona da tuƙi shekara biyu. Ya ce man da ke ciki ba zai kai ni ya dawo da ni ba, sai in na kashe a gangare kamar yadda nake gani yana yi."

"Ya gaya miki yadda ake murzawa?"

"Wata huɗu ina zaune a gefensa ina kallon hannunsa. Ban taɓa lura sau nawa yake murzawa ba. Wa ke ƙirga irin wannan?"

Mijin ya rufe fuska da hannu biyu. "Na manta. Wallahi na manta."

"Na sa firi, na murza," in ji ta. "Sai ga makulli a hannuna. Na gan shi, yallaɓai. Tun daga nesa na gan shi yana shara. Na juya sitiyari, ya ƙi. Na taka birki, na sake takawa, kamar na taka ƙasa. Ko hon ban tuna ba. Na yi masa ihu, gilashi a rufe."

"Daga nan fa?"

"Na fito. Mutane suka taho da gudu, suka wuce ni, suna neman direba. Ba wanda ya dube ni. Na tsaya cikin mata. Wata ta kama hannuna tana kuka, tana cewa Allah ya tona asirin wanda ya yi wannan." Ta dubi Sufeto. "Na ce amin."

Alƙalamin Saje ya tsaya, sannan ya ci gaba.

"Na bi lungu na bugo masa. Ya zo ya ɗauke ni, ya karɓi makulli, ya ce in kwanta, shi ya san abin yi."

Sufeto ya juya ga mijin. "Bakaniken fa?"

"Na zaci za ku tambaye shi ku sake shi. Ban san yana da makulli ba. Da na ji an samu..."

"Da ka ji an samu?"

"Sai na yi shiru."

"Wane bakanike?" in ji matar. Ta dubi mijinta, ya ƙi dubanta. "Malam, wa ka ba su?"

Ya dubi ƙasa.

Sufeto ya tashi da taimakon hannun kujera. "Malama, za ki bi mu. Kai ma, saboda rahoton ƙarya da ɓoye mai laifi. Akwai yara?"

"Biyu. Suna wajen yayata tun da rana," in ji matar.

Ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafi. Ta ɗauki ƙunshin takardun jarrabawa, ta ƙwanƙwasa wa maƙwabciya, ta roƙe ta ta kai wa shugaban makaranta, don yara kada su rasa. Saje ya zaro ankwa, ya dubi Sufeto. Sufeto ya girgiza kai. Suka sauka benen a jere, masu ɗingishi biyu a gaba.

Babba ya karanta bayanin a tsaye, jakarsa a hannu. "Ka tabbata?"

"Ta sa hannu, shi ma ya sa."

"To sauya sunan da ke kan fayil. Ƙarfe tara dai." Ya wuce.

Aka buɗe wa bakanike. Ya karɓi bel ɗinsa, ya ɗaura, ya zura takalmi. Ya sa hannu a inda aka nuna masa. Sai da ya juya zai fita ya ga su a kan benci, mijin a can ƙarshe, matar a nan kusa da kantar.

"Yi haƙuri," in ji ta. "Ban san kai aka kama ba."

Bakanike ya tsaya. Ya dubi kumburarren leɓenta, ya dubi Sufeto, ya gane. Mijin kuwa bai ko kalle shi ba.

"Malama, ke kika tuƙa?"

"Ni ce."

"Sau biyu kika biyo shi gareji," in ji shi. "Kina zaune a mota ina gaya masa. Da na san za ki taɓa ta, da na zagayo ta wajenki."

Ya juya ya fita.

'Yar sandar da ke tsaron kantar ta zo ta tsaya a gaban matar. "Malama, cire 'yan kunne da agogo. Taso."

Ta cire, ta ajiye a kan kantar ɗaya bayan ɗaya, ta tashi ta bi ta.